Ƙananan Motocin Haɗin Gida Marasa Nauyi: Tambayoyi da Amsoshi kan Mallaka da Gyare-gyare

Waɗannan tambayoyi ne da sababbin shiga ke yawan yi wa waɗanda suka daɗe da irin wannan mota, wato ƙaramar motar wasa mai kujera biyu, marar rufi, wadda ake sayen kayanta a warwatse a haɗa a gareji. Yawancin misalan daga Birtaniya suke, domin a can aka haifi wannan nau'in mota, kuma a can dokokinta suka fi zama daram.

Mece ce motar haɗin gida, kuma daga ina ta samo asali?

Mota ce da kamfani ke sayar da shasi da bodi da sauran kayanta a cikin akwatuna, mai saye ya haɗa da hannunsa. Wadda ta zama uwa ga kusan duk masu wannan siffa ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a shekarar 1957. Shasinta siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda suka zama kamar keji, aka lulluɓe su da falankin alminiyam, aka ɗora ƙaramin injin Ford mai 1172cc wanda ƙarfinsa bai wuce na dawaki 40 ba. Abin da ya sa aka riƙa sayar da ita a warwatse shi ne haraji: a wancan zamani motar da aka sayar haɗaɗɗiya a Birtaniya tana ɗaukar harajin saye mai nauyi, wadda kuwa aka sayar a matsayin kayan haɗi ba ta ɗauka. Da aka shigo da harajin VAT a 1973 wannan rangwame ya ƙare, kuma a shekarar ce Lotus ya sayar da haƙƙin ƙera motar ga dillalinsa Graham Nearn na kamfanin Caterham, wanda ya ci gaba da ƙera ta har yau.

Daga nan sai dangi ya yawaita. Westfield ya fara a 1982, har Caterham ya kai shi kotu a ƙarshen shekarun 1980 kan kamannin bodi, aka sasanta Westfield ya sauya siffar motarsa. Akwai Donkervoort a Holan, da Birkin a Afirka ta Kudu, da su Tiger da MK da GBS a Ingila. Akwai kuma masu Locost, waɗanda ba sa sayen shasi ma: bututun ƙarfe suke yanka su yi walda da kansu, bisa zanen da Ron Champion ya wallafa a 1996.

Me ya sa masu wannan mota ba sa gajiya da maganar rashin nauyi?

Domin a kansa komai ya rataya. Motar da nauyinta kilo 500 ne, idan tana da ƙarfin dawaki 125, daidai take da motar gida mai kilo 1,500 da ke da ƙarfin dawaki 375, in dai lissafin ƙarfi da nauyi ake yi. Wannan ne ma ya sa Caterham ke raɗa wa motocinsa suna da lamba, irin su 170 da 420 da 620, domin lambar tana nuna kimanin ƙarfin dawakin da ke kan kowane tan ɗaya na nauyi. Samfurin 170 injin Suzuki ne da shi mai silinda uku da 660cc kacal, ƙarfinsa dawaki 84, amma nauyin motar bai wuce kilo 440 ba.

Sai dai gudun miƙe hanya ƙaramin ɓangare ne na ribar. Mota marar nauyi takan tsaya da wuri idan an taka birki, takan shiga kwana ba tare da ta rinjayu ba, ba ta cin taya, ba ta cin birki, kuma ba ta buƙatar na'urar sauƙaƙa sitiyari, saboda haka duk abin da tayoyin gaba suka taka, direba yana jin sa a tafin hannunsa. Ana danganta wa Chapman maganar cewa ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfanar mutum, rage nauyi kuwa ko'ina yana amfanarsa. Duk wanda ya riƙe wannan magana zai ga cewa yawancin amsoshin da ke ƙasa daga gare ta suka fito.

In sayi kayan in haɗa, ko in sayi wadda wani ya riga ya haɗa?

Ya danganta da abin da mutum yake ƙauna, aikin hannu ko tuƙi. Cikakkun kayan Caterham, waɗanda komai sabo ne kuma an riga an manna falankin bodi an shimfiɗa wayoyi da bututun birki, ana iya haɗa su cikin awa 80 zuwa 100 na aiki, da sifanoni na yau da kullum da jak da ƙugiyar ɗaga inji. Wanda ya ɗauki hanyar Locost kuwa shekaru yake kallo, kuma ba ƙaramin adadi ne na irin waɗannan ayyuka ke tsayawa a rabi ba, a ƙarshe a sayar da su da arha saboda mai su ya gaji ko gareji ya yi masa kaɗan.

Shawarata ga wanda bai taɓa mallakar irinta ba ita ce ya fara da haɗaɗɗiya mai rajista, ya tuƙa ta shekara guda, ya san abin da yake so da abin da ba ya so. Ta fuskar kuɗi ma sau da yawa hakan ya fi sauƙi, domin motar da aka gama haɗawa da wuya ta mayar wa mai ita abin da ya kashe a kanta. Amma ba zan rage wa haɗin hannu daraja ba. Wanda ya ɗaure kowane noti da kansa ya san motarsa ciki da bai, kuma ranar da ta tsaya masa a hanya ba ya rikicewa.

Wace tsohuwar mota ake farkewa a ɗebi kayanta?

Da farko Ford Escort ce ta shekarun 1970, saboda aksul ɗinta na baya. Daga baya Ford Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, ta zama gatan masu haɗi, domin injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya yana tura tayoyin baya, kuma giyabos ɗinta mai giya biyar da ake kira Type 9 ya dace da injuna da yawa. Yanzu Sierra ta yi ƙaranci, sai aka koma kan Mazda MX-5, wadda ake ɗebar injinta da giyabos da birki da wayoyi duka daga mota ɗaya. A ajiye takardun wannan tsohuwar mota da kyau, domin za a neme su wajen rajista.

Mene ne doka ke buƙata kafin motar ta hau titi?

Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma wajibi ne a san shi tun kafin a sayi ko noti ɗaya. A Birtaniya sai motar ta ci gwajin da ake kira IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Hukumar DVSA ce ke yin gwajin, DVLA kuma ta ba da lamba. Gwajin na tsari ne da aminci: ana duba ƙarfin wuraren da aka ɗaure bel, da tsayin fitilu, da hayaƙi, da ƙarar salansa wadda ba a yarda ta wuce desibel 99 ba, da ko ma'aunin gudu yana nuna ƙasa da gudun gaskiya, da ko sitiyari yana ƙoƙarin komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Ana kuma tabbatar da cewa idan an taka birki da ƙarfi tayoyin gaba ne ke fara kamewa kafin na baya, domin in na baya suka riga, motar juyawa za ta yi.

Abin da ya fi kayar da mutane ƙanƙani ne: baki mai kaifi. Duk wani gefe da jikin mutum zai iya taɓawa daga waje dole ya kasance a dasashe, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba. Shi ya sa za ka ga motar da za a kai gwaji an sa wa kawunan notinta hulunan roba, an kuma zagaye bakin kowane falanki da roba. Dole mai haɗi ya riƙa ɗaukar hotuna a kowane mataki, ya kuma adana rasitai, domin su ne shaidar cewa shi ya haɗa ta, su ne kuma ke nuna shekarun injin, wanda a kansu ake ɗora ma'aunin hayaƙi.

Lamba iri uku ce. Idan kayan duk sababbi ne, ko ɗaya tak ne aka sabunta, ana ba da sabuwar lamba. Idan shasi sabo ne kuma an ɗauko manyan kaya biyu daga tsohuwar mota ɗaya mai takardu, ana ba da lamba mai shekarun waccan motar. Idan ba a iya tabbatar da asalin kayan ba, sai a ba da lamba mai farawa da harafin Q, wadda ba laifi ba ce, amma ba a iya sauya ta.

Me zan duba idan zan sayi ta hannu?

A fara da takarda kafin ƙarfe. Takardar rajista dole ta ambaci sunan motar na gaskiya, kuma lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke jikinta. Idan takarda ta ce Ford Sierra alhali abin da ke gabanka ƙaramar mota ce mai kujera biyu, to ba a yi mata rajista bisa ƙa'ida ba, kuma gyara wannan kuskure na iya tilasta maka kai ta gwaji tun daga farko. Komai arharta, a bar ta.

Sannan a ɗaga motar a shiga ƙarƙashi da tocila. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, in ruwa da gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu suka shiga tsakani, sai su fara cin juna. Alamar ita ce fenti ya kumbura kamar ƙuraje a ƙasan gefen bodi, da farin gari da ke zubowa idan an ƙwanƙwasa da yatsa. Wurin da ya fi ɓoye wannan cuta shi ne ɗan lungun da ke tsakanin fatar bodi da wurin sa ƙafa, inda laka ke taruwa ta daskare ba wanda ya gani. Na taɓa zura siririn ƙarfe a wannan lungu na wata mota da ke sheƙi daga waje, sai ga jar ƙasa mai danshi tana fitowa, kuma bayanta bututun ya riga ya yi laushi. A duba kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ko ya taɓa dukan ƙasa, a duba waldar da ke riƙe da hannuwan tayoyi ko ta tsage.

Abu na ƙarshe shi ne wayoyi, domin a nan ake gane halin wanda ya haɗa motar. Idan ka leƙa bayan allon mitoci ka ga wayoyi a ɗaure tsaf, kowace da alamarta da fis ɗinta, akwai kyakkyawan zaton cewa inda ido ba ya kai ma haka ya yi. Idan ka ga an murɗa su da hannu an naɗe da salatif, ka san sauran aikin ma akwai gaggawa a cikinsa. A je da wanda ya san irin motar, gani ya kori ji.

Wane inji ya fi?

Babu guda ɗaya da ya fi ga kowa. Tsohon Ford Crossflow mai kafireto biyu na Weber yana da daɗin ƙara da sauƙin gyara, amma yana son a riƙa saita shi, kuma yana shan mai. Injin Ford Pinto yana da ƙarko, sai dai nauyinsa na danne hancin mota. Rover K-series, wanda Caterham ya yi amfani da shi tun farkon shekarun 1990, ba shi da nauyi kuma yana son juyawa sama, amma an san shi da ƙona gasket ɗin kai idan aka yi sakaci da ruwan lagireto ko aka matsa masa kafin ya yi ɗumi. Na zamani su ne Zetec da Sigma da Duratec na Ford, da injin Mazda, waɗanda ake kunnawa su tashi ba gardama. Ga mai tuƙi a titi, ƙarfin dawaki 120 zuwa 150 ya isa har ya yi yawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a harkar sukan ce a wannan tsakani motar ta fi daɗi, saboda mutum yana iya taka totur har ƙasa ba tare da ya wuce iyakar hankali ba.

Injin babur fa?

Ana ɗora injunan manyan babura irin Honda Fireblade da Yamaha R1 da Suzuki Hayabusa. Inji da giyabos ɗinsu a haɗe ba su kai nauyin injin mota kaɗai ba, suna juyawa sama da sau 10,000 a minti, kuma giyarsu a jere take, a tura ko a ja. A filin tsere abin sha'awa ne ƙwarai. Matsalolinsu kuwa sanannu ne. Ba su da giyar baya, sai an ƙara wata na'ura. Ba su da ƙarfin ja daga ƙasa, saboda haka tashi a kan tudu da fasinja na wahalar da kuloci. Mafi haɗari shi ne baƙin mai: babur yana kwantawa a kwana, man ya tsaya a gindin kasko, mota kuwa ba ta kwantawa, sai man ya gudu gefe ɗaya famfo ya zuƙi iska, inji ya ƙone cikin daƙiƙoƙi. Maganin shi ne a sa shinge a cikin kaskon, ko a koma tsarin da ke ajiye man a wani tanki dabam. Wanda tafiye-tafiye masu nisa yake so, injin mota ya fi masa kwanciyar hankali.

Wane gyara ya kamata in fara da shi?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma amsar ba ta cika yi wa sabon mai mota daɗi ba, domin shi hankalinsa na kan inji. Jerin da nake bayarwa shi ne taya, sai saitin ƙafafu, sai birki, sai direba. Inji a ƙarshe yake zuwa.

Taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa, kuma mota marar nauyi ba ta cinye ta, saboda haka takan tsufa ta bushe alhali zanenta na nan kamar sabo. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko da ba ta suɗe ba, robarta ta yi tauri, kuma a jiƙaƙƙen titi za ta yaudari mai ita. A sayi taya mai laushi wadda aka yi don ƙananan motoci, domin tayar motar gida an yi ta ne don ta ɗauki nauyin da ya ninka wannan sau uku, kuma a ƙarƙashin kilo 500 ba ta yin ɗumin da za ta kama ƙasa. Iskar ma ba irin ta motar gida ba ce, yawanci wajen 18 a ma'aunin iska na PSI ake sa wa. Kuma kada a ruɗu da manyan wili: da yawan masu gogewa sun fi son mai inci 13 a kan mai inci 15, saboda ya fi sauƙin nauyi, kuma kaurin gefen tayar na shanye gargadar hanya.

Saitin ƙafafu ya haɗa da tsayin motar daga ƙasa, da yadda tayoyi suka karkata, da inda suka fuskanta, da kuma rabon nauyi a kan kowace taya. Ana ɗora motar a kan sikeli huɗu, mai ita na zaune a ciki ko an sa buhunan yashi daidai nauyinsa, sai a riƙa murɗa zoben sifirin sama ko ƙasa har nauyin da ke kan tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu ya yi daidai da na ɗaya gicciyen. Dalilin zaman direba a ciki a fili yake: mutum mai kilo 80 a motar kilo 500 ya kai kashi 16 cikin ɗari na nauyinta, kuma a gefe ɗaya yake zaune. Na ga motar da ke ja gefe duk lokacin da aka taka birki, mai ita ya sauya kayan birki har sau biyu, ashe tayar gaba ɗaya ce ke ɗauke da nauyin da ya fi na 'yar uwarta. Aikin rabin yini a kan sikeli ya warware abin.

Birki da wuya ya buƙaci manyan kaya. Man birki sabo duk shekara biyu, da fatun birki masu kama tun suna sanyi, sun isa. Sannan direba: kwana ɗaya da malamin tuƙi a filin tsere yana rage wa mutum daƙiƙoƙin da ƙarin dawaki 30 ba za su rage ba, kuma abin da ya koya yana tare da shi ko da ya sauya mota.

To yaushe ne ƙarin ƙarfi ya dace?

Lokacin da mutum ya ga yana fitowa daga kowace kwana totur a ƙasa, motar kuma ba ta ko motsa gindi. Hanyoyin sanannu ne: buɗe wa inji hanyar shaƙar iska ta yadda kowace silinda ke da maƙogwaronta, sauya sandar da ke buɗe bawul, gyara salansa, sannan a kai motar wurin da ake juya tayoyinta a kan na'ura a saita kwamfutar inji daidai da sababbin kayan. Wannan mataki na ƙarshe ba a tsallake shi, domin injin da ke samun iska da yawa da mai kaɗan yana narkar da fistin. Kuma ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai: yana jawo babban lagireto, da kuloci mai ƙarfi, da na'urar da ke hana tayar baya ɗaya sulɓi ita kaɗai, kowanne da nauyinsa da kuɗinsa. Kafin a kai nan, a duba abin da za a iya cirewa. Ƙaramin batir, da kujeru marasa nauyi, da ajiye tayar safaya a gida, na iya rage kilo 20 ko fiye, wato kashi huɗu cikin ɗari.

Motar tana da aminci kuwa?

Gaskiya ita ce ba ta da kariyar motar zamani. Yawancinsu ba su da jakar iska, ba su da na'urar hana birki kamewa, ba su da mai hana sulɓi, kuma tsakanin haƙarƙarin direba da waje falankin alminiyam ne da 'yan bututu. Direba a ƙasa yake zaune, kansa bai kai tsayin tayar babbar mota ba, don haka sai ya yi tuƙi kamar mai babur, yana ɗauka cewa ba a gan shi ba. Ƙarfen kariya da ke bayan kujera dole ya fi kan direba tsawo, da tazarar da ba ta gaza santimita biyar ba idan yana sanye da hular kwano. In bai kai ba, a sauke kujera ko a sa wanda ya fi tsawo. Bel mai ɗauri huɗu sai an fara tsuke na ƙugu sosai kafin na kafaɗa, in ba haka ba mutum na iya zamewa ta ƙarƙashinsa a lokacin karo. A riƙa duba tiyon mai, musamman a tsofaffin motoci, domin fetur mai gaurayen itanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ya zama na yau da kullum a Birtaniya daga 2021, yana cin tsohuwar roba, kuma tiyon da ke ɗiga kusa da salansa gobara ce. A ajiye abin kashe wuta inda hannu ke kaiwa.

Za a iya hawanta kullum, ko da ruwan sama?

Akwai masu yi, amma kaɗan ne. Rumfar tamfol ɗinta tana tare ruwa gwargwado, sai dai shiga da fita a ƙarƙashinta aiki ne, kuma ciki na yin zafi. Zafin inji da giyabos na ratsowa ta gefen ƙafa, salansa na bin gefen bodi inda take ƙona ƙwaurin wanda ya fito ba da lura ba, kuma wurin sa ƙafa matsattse ne har sai an sa siririn takalmi kada a taka birki da totur tare. Doguwar tafiya tana buƙatar abin toshe kunne. Mai tsawo ko mai jiki ya zauna a ciki kafin ya saya. Caterham ya fitar da faffaɗan shasi mai suna SV a shekarar 2000 saboda irin wannan buƙata.

Yaya batun inshora?

A nemi kamfanin da ya ƙware a irin waɗannan motoci, a yi yarjejeniya kan ƙimar motar tun farko da hotuna, kuma a bayyana kowane gyara da aka yi, komai ƙanƙantarsa, domin gyaran da aka ɓoye na iya soke inshorar ranar da ake buƙatarta. Inshorar titi yawanci ba ta shafi abin da ya faru a filin tsere.

Mene ne amfanin shiga ƙungiyar masu irin wannan mota?

Motar da kowa ya haɗa tasa ba ta da littafi guda da ya bayyana ta, saboda haka ilminta a bakin mutane yake. A taron wata-wata na ƙungiya za ka sami wanda ya taɓa fama da irin ƙarar da ke damunka, da wanda ke da ƙugiyar ɗaga inji zai ara maka, da wanda zai zo ranar Asabar ya duba motarka kafin gwaji ya nuna maka notin da ba ka rufe ba. Ƙungiyar 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939 kuma Chapman kansa ya fara tsere a cikinta, har yanzu tana shirya gasar motocin Locost. Caterham kuma tun 1995 yake gudanar da gasar Academy, wadda sababbin direbobi kaɗai ke shiga, da motoci iri ɗaya, da yawansu haɗin hannun masu su.

Zama a cikin jama'a yana da ladabinsa. A mayar da kayan aro da tsabta kuma a kan lokaci. Idan an ba ka shawara ta yi aiki, ka dawo ka faɗa, domin na bayanka ya amfana. Kada mai Caterham ya raina mai Locost, domin wanda ya yi waldar shasinsa da hannunsa yana da ilmin da kuɗi ba su saye. A fitar rukuni kowa ya yi gudun da ya iya, na gaba su jira a mararraba. A ranar gwaji a filin tsere kuwa ba gasa ake yi ba: ana wuce mutum ne ta gefen da aka ƙayyade, a miƙaƙƙiyar hanya, bayan ya ba da alama. Filaye da yawa suna auna ƙarar salansa kafin a shiga, saboda maƙwabta, kuma wanda ya wuce iyaka gida zai koma.

Yaya ake ajiye ta idan za ta daɗe ba a hau ba?

A wanke ƙarƙashinta sosai, musamman lungunan da aka ambata, a bar ta ta bushe sarai, a fesa man hana tsatsa a cikin bututu da inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe. A sauya baƙin mai kafin ajiya, domin tsohon mai yana ɗauke da dattin da ke cin ƙarfe. A haɗa batir da ƙaramar caja mai kula da shi, a ƙara wa tayoyi iska kada su yi gefe, a saki birkin hannu a sa wa taya waigi. Kada a riƙa tayar da inji na minti biyar a kashe, domin hakan tara raɓa yake yi a cikin inji da salansa. In za a tayar, a fita da ita har ta yi zafi sosai. Ranar da za a fito da ita, a mayar da iskar taya yadda take, a bi notocin ƙafafu da na wili ɗaya bayan ɗaya da sifana mai auna ƙarfi, a taka birki a tsaye a ji ko ya yi tauri, sannan a yi kilomitocin farko a hankali har tayoyi da hannun direba su dawo daidai.